Himalaya: Duwatsun da Suka Taso Daga Ƙarƙashin Teku

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san fararen duwatsun nan da ke bayyana a bayan jarumi da jaruma da zarar waƙa ta tashi. Wasu wuraren a Suwizalan aka ɗauke su, amma da yawa daga cikin na tsofaffin finafinai a Kashmir ne, a jikin Himalaya. Mu dai ado muke gani. Mutanen can kuwa, da waɗannan duwatsu suke sha, da su suke noma, wani lokacin kuma su ne ajalinsu. Ɗaruruwan miliyoyin mutanen da ba su taɓa taka ƙanƙara ba, a Pakistan da Indiya da Bangaladash, tukunyarsu ba ta hawa wuta sai da ruwan da ya gangaro daga can.

To, 'yan uwa ɗalibai, bari mu ɗan leƙa mu ga yadda waɗannan duwatsu suka samu, yadda suke juya yanayin rabin nahiya, da kuma dalilin da ya sa hankalin masana ya tashi a kansu yanzu.

Ina yake, yaya girmansa?

Sunan daga harshen Sanskirit ya fito: hima na nufin ƙanƙara, alaya kuma mazauni. Wato gidan ƙanƙara. Jerin duwatsu ne da ya lanƙwashe kamar baka, tsawonsa wajen kilomita 2,400. Ka ƙaddara tafiyar mota daga Kano zuwa Legas da dawowa, har da ɗoriya. Ya faro daga tsaunin Nanga Parbat a yamma, ya ƙare a Namcha Barwa a gabas, ya ratsa ƙasashe biyar: Pakistan, Indiya, Nepal, Butan da Sin.

A tsawo ba shi ne na ɗaya ba. Jerin Andis na Kudancin Amurka ya kai kilomita 7,000. Amma a tsayi babu mai ja da shi. Tsaunuka 14 ne kacal a duniya suka haura mita 8,000, kuma dukkansu suna Himalaya ne ko maƙwabcinsa Karakoram. Babbansu Eberest, mita 8,848.86 bisa awon da Nepal da Sin suka sanar tare a Disambar 2020. Sai K2 a Karakoram mai mita 8,611, sai Kanchenjunga mai mita 8,586. Don mu gane bambancin, tsauni mafi tsayi a Andis, wato Akonkagwa, mita 6,961 ne. Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi kowane tsayi a Afirka, mita 5,895 ne. Namu na gida, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ko an ɗora uku irinsa a kan juna, da sauran tafiya kafin a kai kan Eberest.

Karon da har yau bai ƙare ba

Abin mamaki na farko: dutsen da ke can ƙololuwar Eberest dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Irin wannan dutse a ƙarƙashin teku yake samuwa, daga ɓawo da ƙasusuwan ƙananan halittun ruwa da suka taru suka daskare. A jikin na Eberest an samu burbushin halittun teku da masana suka ƙiyasta shekarunsu da kusan miliyan 450. To me ya kai ƙasan teku wuri mafi tsayi a duniya?

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. A rarrabe yake, manya-manyan faya-fayai ne da ke zaune a kan dutse mai zafi da ke motsi a hankali a ƙarƙashinsu. A da can, Indiya tana manne da Afirka da Antatika da Ostireliya a kudancin duniya. Sai faifanta ya ɓalle ya nausa arewa, a wani lokacin yana tafiyar santimita 15 ko fiye a shekara, wanda a wajen faifan ƙasa gudu ne na fitar hankali. Tsakaninta da Asiya akwai wata teku da ake kira Tetis. Indiya na matsowa, tekun na tsukewa, har kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce ƙasashen biyu suka yi karo.

Inda faifan teku ya haɗu da na tudu, na tekun ne ke nutsewa ƙasa saboda ya fi nauyi, kuma daga nan ake samun duwatsu masu aman wuta. Haka Andis ya samu. Amma Indiya da Asiya duka tudu ne, babu mai son nutsewa sosai. Sai gefen Indiya ya kutsa ƙarƙashin Asiya, ƙasa ta tattare ta nannaɗe ta hau kan juna. Ka shimfiɗa tabarma ka tura ta da ƙafa ta daki bango, ka ga yadda take tashi tudu-tudu. Lakar da ke ƙasan tekun Tetis tana cikin abin da ya tattare ya yi sama. Har yau a kwarin kogin Kali Gandaki a Nepal mutane na tsintar baƙaƙen duwatsu masu siffar katantanwa, burbushin halittun wannan teku, mabiya addinin Hindu suna girmama su.

Kaurin ɓawon ƙasa a tudu yawanci wajen kilomita 35 ne. A ƙarƙashin Tibet, bayan Himalaya, ya kai kusan 70, wato ya ninka. Shi ya sa Tibet ya zama tudu mafi tsayi da faɗi a duniya, matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,500.

Kuma fa turin bai tsaya ba. Indiya na ci gaba da matsawa arewa da santimita 4 zuwa 5 a shekara, kusan yadda farcen hannu ke tsiro. Duwatsun na ƙara tashi kaɗan-kaɗan, ruwa da ƙanƙara na zaizaye su. Matsalar ita ce ƙasan ba ta zamewa salin-alin. Takan maƙale shekaru ɗaruruwa tana tara ƙarfi, rana ɗaya ta suɓuce. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Ta Kashmir, ranar 8 ga Oktoban 2005, ta kashe mutum fiye da 70,000. Ta Nepal, ranar 25 ga Afrilun 2015, mai ƙarfin maki 7.8, ta kashe kusan 9,000. Masu karatun gine-gine su lura: yawancin waɗanda suka mutu ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, gini ne ya rufta musu.

Wanda ya auna shi bai taɓa hawansa ba

Wannan ɓangaren na 'yan sashen safiyo ne, su da muke gani kullum cikin rana da na'ura mai ƙafa uku. A ƙarni na 19 Turawan Ingila sun shafe shekaru da dama suna auna ƙasar Indiya ta hanyar lissafin kusurwa uku. Nepal a lokacin ba ta barin baƙi su shiga, don haka daga filin Indiya, nesa da fiye da kilomita 150, suka saita na'ura suka ɗauki kusurwar tsaunukan. A 1852 wani masanin lissafi ɗan Bengal mai suna Radhanath Sikdar ya gano daga waɗannan alƙaluma cewa tsaunin da suka yi wa lamba 15 shi ne ya fi kowane tsayi. A 1856 aka sanar da tsayinsa: ƙafa 29,002, wato kimanin mita 8,840. Ba tauraron ɗan adam, ba kwamfuta, sai takarda da alƙalami, amma tazarar da ke tsakanin awonsu da na yau ba ta kai mita 10 ba. Wanda ke ganin lissafin kusurwa wahalar banza ce a aji, ga amsarsa nan.

A 1865 aka laƙaba wa tsaunin sunan George Everest, tsohon shugaban safiyon Indiya. Amma mutanen Tibet sun daɗe suna kiransa Chomolungma, a Nepal kuma Sagarmatha ake ce masa. Sai ranar 29 ga Mayun 1953 aka samu waɗanda suka tabbata sun taka kansa: Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, da Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan.

Daga dajin giwaye zuwa ƙanƙara

Himalaya hawa-hawa yake kamar matakalar bene. A gindinsa ta kudu akwai filin Terai, mai zafi da dausayi, inda ake noman shinkafa da rake. A gandun dajin Chitwan da ke nan akwai giwaye da karkanda da damisar Bengal. Sai ƙananan tuddan Siwalik. Sai matsakaitan duwatsu masu tsayin mita 2,000 zuwa sama, inda garuruwa da gonaki suke. Can sama kuma sai manyan, waɗanda ƙanƙara ba ta barin kansu rani da damina.

Dalilin wannan bambanci mai sauƙi ne. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Mun san wannan a gida. Shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi har dankalin Turawa yake yi a can, shi ya sa ake noman ganyen shayi a Mambila. To ka lissafa wannan har kusan mita 9,000. Ranar da ake zufa da digiri 35 a Terai, kan Eberest ya yi ƙasa da sifili da fiye da digiri 20. A tazarar da ba ta kai kilomita 200 ba, mutum zai ratsa yanayin da a wani wuri sai ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya gani. Itatuwa na ƙarewa a wajen mita 4,000, daga nan sai ciyawa, inda makiyaya ke kiwon yak, wani irin sa mai dogon gashi da ke ba su nono da nama da kashin da suke girki da shi, ya kuma ɗaukar musu kaya. A nan ne kuma damisar ƙanƙara take.

Iska ma raguwa take. A kan Eberest nauyin iska kashi ɗaya cikin uku ne na bakin teku, don haka kowane numfashi kashi ɗaya cikin uku na oksijin yake kawowa. Daga mita 8,000 zuwa sama, jikin ɗan adam ba ya iya sabawa, mutuwa yake yi a hankali. Ruwa kuma a wajen digiri 70 yake tafasa maimakon 100. Masu dafa wake a ɗakin kwana, ku gode wa Allah. A can sai gas ya ƙare wake na nan tsatstsaye.

Katangar da ke raba damina

Damina a Indiya irin tamu ce. Idan rani ya gasa tudu, iska mai ɗauke da danshi takan taso daga teku ta nufo ƙasa. Mu tamu daga Atilantika take zuwa, tasu daga tekun Indiya, daga Yuni zuwa Satumba. Bambancin shi ne tasu tana cin karo da katanga. Iskar ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana sanyi, danshin ya zama gajimare, ya zube a gefen kudu. Kafin ta tsallaka ta riga ta bushe.

Garin Pokhara a Nepal, a kudancin tsaunin Annapurna, yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara. Jomsom, a bayan tsaunin, tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba, milimita ɗari kaɗan yake samu. Garin Leh a yankin Ladak, wajen milimita 100 ne rabonsa a shekara, kusan irin na Agadas. Hamada ce sosai, sai dai mai sanyi. Da hunturu kuma katangar tana tare iskar sanyi daga tsakiyar Asiya, ba ta bari ta sauko Indiya da ƙarfinta.

Randar ruwan Asiya

Idan aka cire Antatika da yankin ƙarshen arewacin duniya, babu inda ƙanƙara ta taru kamar Himalaya da maƙwabtansa. Dusar ƙanƙara na zuba shekara bayan shekara, tana danne ta ƙasa har ta zama dunƙulalliya, sannan ta riƙa zamowa a hankali cikin kwari kamar kogin da ya daskare. Amfaninta irin na randa ne: ta adana ruwa lokacin sanyi, ta sake shi lokacin zafi kafin damina ta sauka, daidai lokacin da manomi ya fi buƙata.

Manyan koguna uku suka dogara da wannan yanki: Indus, Ganga da Brahmaputra. Ganga daga ƙanƙarar Gangotri ya faro. Indus da Brahmaputra kuwa a Tibet suka faro, kusa da tsaunin Kailash, wato a bayan katangar. Ɗaya ya yi yamma, ɗaya ya yi gabas, kowanne ya yanka duwatsun ya ɓullo kudu. Ta yaya kogi zai keta dutse mafi tsayi a duniya? Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne irin waɗannan koguna sun riga duwatsun kai wannan tsayi. Ƙasa na tashi a hankali, kogi na ci gaba da yankan hanyarsa kamar zarto. Haka Kali Gandaki ya haƙa kwazazzabo tsakanin Dhaulagiri da Annapurna, tsaunuka biyu da kowanne ya haura mita 8,000.

Ba ruwa kaɗai kogunan ke kawowa ba. Ganga da Brahmaputra na kwaso laka da yashi kimanin tan biliyan ɗaya duk shekara. Wannan laka ce ta gina filin noman arewacin Indiya, ita ce kuma ta gina yawancin ƙasar Bangaladash. Idan ka ga buhun shinkafar basmati a kasuwa, ka san garin dutsen Himalaya da ruwansa ne suka raine ta.

Inda ruwa yake da tsada haka, rigima ba ta nisa. A 1960 Indiya da Pakistan suka sa hannu kan yarjejeniyar raba kogunan Indus, da shiga tsakanin Bankin Duniya: uku na gabas na Indiya, uku na yamma na Pakistan. Yarjejeniyar ta tsallake yaƙe-yaƙen da ƙasashen biyu suka gwabza, amma a Afrilun 2025 Indiya ta sanar da jingine ta bayan wani hari a Kashmir. Ga Pakistan wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin yawancin nomanta na ban ruwa ne daga Indus.

Randar ta fara yoyo

A 2019 cibiyar binciken duwatsu ta ICIMOD da ke Katmandu ta fitar da wani babban rahoto kan Himalaya da Hindu Kush da kewaye. Ta ce mutum miliyan 240 ke zaune a cikin duwatsun, wasu kimanin biliyan 1.65 kuma a kwarurukan kogunan da ke fitowa daga can. Ta kuma ce ko da duniya ta yi nasarar tsayar da ɗumamar yanayi a digiri 1.5, kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar zai narke kafin shekarar 2100. Idan aka ci gaba da fitar da hayaƙi yadda ake yi, kashi biyu cikin uku ne zai tafi.

Abin zai zo ne a mataki biyu. Da farko ruwa zai yi yawa, saboda narkewar ta ƙaru. Inda ƙanƙara ta ja baya takan bar tafki, wanda tarin tsakuwa da ɓaraguzai kawai ke tare da shi. Ranar da wannan shinge ya karye, ruwan kan sauko gaba ɗaya. Haka ta faru a jihar Sikkim ta Indiya a Oktoban 2023, lokacin da tafkin Lhonak ta Kudu ya ɓalle cikin dare, ya rusa babbar madatsar wutar lantarki a kogin Tista, ya kashe mutane da dama. Mataki na biyu shi ne bayan shekaru, idan ƙanƙarar ta ragu sosai, ruwan rani zai ja baya. Ganga da Brahmaputra suna da damina mai ƙarfi da za ta rufa musu asiri. Indus, wanda ke ratsa busasshiyar ƙasa, shi ne zai fi jin jiki.

Mu fa?

Najeriya tana tsakiyar faifan Afirka ne, nesa da inda ake karo, shi ya sa ba mu da tsaunuka irin waɗannan, ba mu kuma san manyan girgizar ƙasa ba. Amma teku ta taɓa kwanciya a wasu sassan ƙasar nan. Dutsen simintin Kalambaina a Sakkwato da na Ashaka a Gombe a ƙarƙashin ruwan teku suka samu, kuma ana tsintar burbushin halittun ruwa a cikinsu. Bambancinsu da na kan Eberest shi ne babu wata Indiya da ta turo su sama.

Ba mu da ƙanƙara, amma mu ma tuddai ne ke shayar da mu. Kogin Kwara daga tuddan Gini ya faro. Binuwai daga tudun Adamawa na Kamaru, kuma mutanen Yola da Makurɗi da Lokoja sun san abin da ke biyo baya idan damina ta yi ƙarfi aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo, kamar a 2012 da 2022. Kogin Kaduna da Gongola da Jama'are duk daga tudun Jos suke gangarowa. A wajenmu aikin randa, ciyayi da itatuwa da ƙasar da ke kan tudun ne suke yin sa: su tsotse ruwan damina, su riƙa sakinsa a hankali. Idan aka sare dajin, aka farfashe dutsen don tsakuwa, aka bar ramukan haƙar ma'adinai a buɗe, ruwan zai sauko lokaci ɗaya da laka, ya cike madatsu, rani na yi kuma kogi ya ƙafe.

Manoman Nepal suna yanka jikin dutse hawa-hawa don riƙe ƙasa da ruwa. Mutanen duwatsun Mandara, a Gwoza da Sukur, sun daɗe suna yin irin wannan da jeren duwatsu, kuma gonakin nan na hawa-hawa suna cikin abin da ya sa UNESCO ta saka Sukur a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zana madatsa, su fitar da hanya a jikin tudu, ko su sa hannu a takardar izinin fasa dutse. Kafin a sa hannun, a tambaya: wane kogi ne ke fitowa daga nan, kuma su wa ke sha a ƙasa?